Yadda za a ciyar da wanda aka yi ma aikin kansar tumbi

Ranar da muka dawo da kawuna gida Maradi bayan an yanke mishi fiye da rabin tumbi, abu na farko da mata suka yi shi ne dama fura da nono cike da ƙwarya, aka zuba sukari son rai, wai ya sha ya maida jiki. Bai kai minti 20 da sha ba gumi ya karyo mishi, zuciya na bugawa da sauri, jiri, sai zawo. Mun ɗauka ciwon ne ya dawo wallahi, ashe furar ce.

Abin da ke faruwa shi ne, da can tumbi ke riƙe abinci yana sakin shi kaɗan kaɗan zuwa hanji, yanzu da ya ƙanƙance ko aka cire shi duka, komi aka haɗiye sai ya zube ma hanji lokaci guda, in kuma mai zaƙi ne sai ya jawo ruwan jiki zuwa cikin hanjin. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 zai ji rawar jiki da kasala don sukarin jini ya faɗi. Saboda haka shayin nan mai sukari da yawa, lemun kwalba, zuma, kunu mai zaƙi, a jingine su tukuna.

Ku manta da cin sau uku. Sau 6 ko 8 ne a yini, ɗan kaɗan kamar cikin ƙaramin kofi, ya zauna ya tauna sosai har ya zama kamar kunu a baki kafin ya haɗiye. Kuma kar ya haɗa ci da shan ruwa, a bar kamar minti 30 tsakani, in ba haka ba ruwan zai cike ɗan wurin da ya rage. Amma fa ya riƙa kurɓa duk yini, kun dai san zafinmu na watan Afrilu da Mayu, mutum mai zawo nan da nan yake bushewa.

To tunda wurin kaɗan ne, duk lomar da za ta shiga ta zama mai amfani. Anan ne muke kuskure, a dama koko tsararo a ba mara lafiya safe da yamma a ce ai ya ci, alhali ruwa ne kawai da ɗan gero. Ƙwai dafaffe, kifi, naman kaza da ya dahu lugub, awara, wake da aka dafa ya yi laushi aka murje, kunun gyaɗa mai kauri ba sukari, su ne masu gina jiki. Gyaɗa kam Allah ya hore muna ita a nan, a daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi a barbaɗa cikin miya. Tuwo a yi shi da taushi, miyar kuka ko kuɓewa ta fi sauƙin haɗiya. Kilishi da tsire da ɗanyen ganye mai tauri a dakata. Madara ɗanya tana sa wasu zawo, kindirmo ya fi sauƙi, a gwada cokali biyu a gani. Abu sabo ɗaya a rana, don in ya ɓata ciki a san shi ne.

Maganar bitamin B12 kar a yi wasa da ita don Allah. Tumbi ne ke fidda sinadarin da ke sa jiki ya tsotse shi, wanda aka cire ma tumbi gaba ɗaya allura zai riƙa yi har iya rayuwa, likita zai faɗi tsakanin lokacin. Rashin shi bai nuna kanshi da wuri, sai an daɗe mutum ya fara jin ƙafafu na tsami da mantuwa da ƙarancin jini. Haka ƙarfen jini, wato sinadarin ayan da jiki ke yin jini da shi, ma yana raguwa, a riƙa awon jini, kuma kar ya sha shayi kan abinci don yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abincin.

Zai rame, kusan kowa na ramewa bayan aikin nan, ku daina ce mishi kai ka lalace, yana karya mishi zuciya. A auna nauyinshi sau ɗaya a sati a rubuta cikin ɗan littafi a tafi da shi ranar ganin likita. Da dare a ɗaga mishi kai da matashi biyu saboda ɗacin da ke tasowa maƙogwaro. In azumi ya zo kar kunya ta sa ya ɗauka, a tambayi likita, addini ya yi ma mara lafiya sauƙi. Jiƙe-jiƙen da ƴan dubiya ke kawowa a karɓa a yi godiya amma kar a ba shi.

In kuka ga amai ya ƙi tsayawa, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, ko abinci na maƙalewa, a tafi asibiti a ranar, kar a ce sai gobe.