Kurakuran da ke sa ɗalibai rasa ragowar gurabe bayan jerin farko na ABU

Da zarar jerin farko na waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba gurbin karatu ya fito, sai ka ji yara a Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari suna cewa shi ke nan, sai baɗi. Alhali ba a rufe ƙofa ba tukuna. Wasu ba sa karɓar gurbin da aka ba su, wasu kwasa-kwasan kuma ba sa cika, daga nan ake cike gurabe a jerin da ke biyo baya. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu rasa waɗannan gurabe da hannunsu suke rasawa.

Babban kuskure shi ne kafewa a kan kwas ɗaya. Likitanci a Shika da karatun lauya a Kongo su ne suke fara cika, kuma wanda makinsa bai kai ba a karon farko da wuya ya kai a na biyu. Iyaye ma da laifinsu a nan, domin sau da yawa uba ne ke cewa ko likita ko a haƙura. Gyaran shi ne a je cibiyar CBT, wato wurin zana jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a yi canjin kwas da wuri. Amma a duba darussa huɗun da aka zana a UTME, wato jarrabawar JAMB, kafin a canza: wanda ya zana Ingilishi da bayoloji da kemistiri da fizis zai iya komawa wasu kwasa-kwasan kimiyya, amma injiniyanci na buƙatar lissafi. Wanda ya yi canjin da bai dace da darussansa ba, ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Sai batun sakamakon WAEC ko NECO. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, dole ya koma a ɗora shi a shafin JAMB bayan ya fito. Ɗorawa a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. Tun 2017 ta CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ake ba da gurbi, kuma ba a amincewa da sunan wanda sakamakonsa bai bayyana a can ba, komai yawan makinsa.

Rashin leƙa CAPS ɗin ma ya cinye mutane da yawa. Wani lokaci jami'a kan nemi mayar da ɗalibi wani kwas, buƙatar ta zauna tana jiran ya amince, shi kuwa yana gida yana jiran a kira shi. Ku riƙa dubawa da kanku, ku riƙe layin wayar da kuka yi rajista da shi, kada ku bar wa mai shagon intanet lambar sirrinku.

A wannan tsakanin ne 'yan damfara ke yawo da "ina da hanya a ciki". Duk gurbin da bai fito a CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar tana tasowa ne a ƙarshe, lokacin tafiya bautar ƙasa.

Wanda ya ga alamar ABU ba za ta yiwu ba bana, ya canza makaranta kafin a rufe, ko zuwa Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kwalejin Nuhu Bamalli. Akwai kuma IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU ce ke kula da jarrabawarta, har ana yin ta a SBRS, makarantar share fage ta ABU da ke Funtua, kuma wanda ya ci da kyau yakan nemi shiga aji biyu kai tsaye.