Yadda ake bi da takardun transit in kayanka sun sauka Lome za su wuce Nijar

Wanda bai taɓa sauke kwantena a tashar Lome ba gani yake in jirgi ya iso magana ta ƙare, sai a ɗora wa mota a kama hanya. Ina! Kayanka fa ba na Togo ba ne, ratsawa kawai za su yi, don haka duwan ɗin can, wato kwastan, ba za su karɓi kuɗin fito a hannunka ba, amma kuma ba za su sake maka kaya haka kawai ba sai wani ya tsaya maka, wai ko da ka karkata ka sayar da su a cikin ƙasarsu to akwai inda za su kama. Wannan tsayawar ita ce garanti, mutanenmu na Nijar kosiyon suke ce mata.

Ka fara da neman dikilaran, wato wakilin da ke bi maka takardun duwan, mai lasisi, mai ofis da ka san ƙofarsa, kar ka yarda da irin waɗanda ke tare mutum a bakin get. Shi zai shigar da bayanin kayanka a kwamfutar duwan har a fitar maka da takardar ratsawa da ake kira T1. Kafin ya shigar ka zauna da shi ku duba takardar jirgi da rasit ɗin sayen kaya da lissafin abin da ke ciki, lambar kwantena, yawan katan, nauyi, dole su yi daidai da juna. Lamba ɗaya in ta sha bamban sai ka kwana uku a boda kana kiran waya, direba kuma yana ta cin kuɗin abinci a aljihunka.

Ita garantin tushenta yarjejeniyar TRIE ce, ta ratsawar kaya a mota tsakanin ƙasashe, da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Kwatano a 1982. A ƙasashen da ke Faransanci majalisar 'yan kasuwa ce ke tsayawa, a Najeriya kuwa bankin NEXIM aka ɗora wa. Abin da aka fi caji kashi 0.5 cikin ɗari ne na kuɗin kaya haɗe da na jirgi da inshora, wato kayan miliyan 20 na sefa ka ware jaka ɗari, sefa dubu ɗari ke nan. Tunda Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka sa dikilaran ya rubuto maka abin da ake biya a yanzu, kowanne da rasit ɗinsa, kar ka dogara da lissafin tafiyar bara.

In an gama za a ɗaure wa ƙofar kwantena hatimin duwan, wani ɗan ƙarfe mai lamba, a kuma maƙala wa motar na'urar da ke nuna inda take. Ka ɗauki hoton hatimin da wayarka yadda lambar za ta fito sarai, ka tura wa direba, ka ja masa kunne ko me ya faru kar ya taɓa shi, ko mota ce ta lalace a daji a kira duwan mafi kusa su zo su gani da idonsu su rubuta kafin a juye kaya. Hanyar ma a rubuce take da wa'adin kwanaki. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, bodar Nijar da Benin, a 2023 yawancin motoci ta Sinkase, bodar Togo, suke shiga Burkina, su bi Kaya da Dori su ɓullo Tera, ga jiran rakiyar sojoji, to in ka ga wa'adi zai cika ana zaune a sanar da duwan tun da wuri.

Inda mutane suka fi yin sake kuwa shi ne bayan kaya sun iso. Ni kaina na taɓa yi, mota ta iso, muka biya fito muka sauke har na sayar da rabi, ashe ba a rufe T1 ɗin a kwamfuta ba, can Lome ana ganin kamar kayan sun ɓace a hanya. Sai da na turo wata kwantenar dikilaran ya ce ba abin da zai motsa sai an warware tsohuwar, ga kuɗin ajiya na hawa kullum. Don haka ranar da mota ta shiga ofishin duwan na ƙarshe kar ka bar wurin sai an tabbatar da isowarta a kwamfuta an ba ka shaida a takarda, ka ɗauki hotonta ka tura wa dikilaran ɗinka a WhatsApp, ita kuma ka adana ta tare da hoton hatimin nan.