Kurakuran da ake yi wajen koyar da ɗaliban likitanci cututtukan fata, na jima'i da na huhu

Yawancin littattafan cututtukan fata da ɗalibanmu ke karantawa a Turai da Amurka aka rubuta su, hotunan ciki kuma na farar fata ne. Littafi ya ce wurin ciwo ja yake yi, ɗalibi ya haddace, ya shiga asibiti yana neman ja a jikin baƙin mutum, ya rasa. A fatarmu wurin ƙara duhu yake, ko ya yi toka-toka. Gyaran ba shi da tsada: malami ya riƙa tara hotunan marasa lafiyar da yake gani, da izininsu, a kuma saba wa ɗalibi duba fata a bakin taga da hasken rana, ya sa hannu ya ji zafi da kaurin wurin.

Tabo mai haske kuwa, saurin cewa kyasbi ne ake yi. A koya wa ɗalibi ɗaukar auduga tukuna: marar lafiya ya rufe ido, a taɓa tabon, a taɓa fatar gefe. In ba ya jin taɓawar a kan tabon, kuturta za a fara zargi. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma wanda aka gano da wuri ba sai ya rasa yatsu ba.

Akwai tambayar da ba a cika koyarwa ba: "Me kika shafa kafin ki zo?" Man bilicin da na ƙaiƙayi da ake saye a kemis, da yawansu na ɗauke da sinadari irin clobetasol, wanda ke sauya kamannin makero har ƙwararre ya rikice. Makeron kan yaro ma ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha kamar griseofulvin. Ƙazuwa kuma duk gida ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke kayan sawa da na kwanciya.

A ganina ɓangaren cututtukan jima'i ne ya fi shan wahala, kuma kunya ce sila. Malami ya karanta darasi da Turanci ya wuce, bai taɓa nuna yadda ake tambayar dattijo ko matar aure da Hausa ba tare da an ci musu fuska ba. Wannan sai an gwada a aji, ɗaya ya zama likita, ɗaya marar lafiya. Kuma ba a yin irin wannan tambaya ɗalibai sun yi dafifi a kan gado, dangin miji na tsaye a gefe.

Daga nan kurakurai biyu ke fitowa, kowanne da ɓarnarsa. Wani ɗalibin duk macen da ta ce tana da ciwon sanyi sai ya ɗauka daga miji ta samo, alhali farin ruwa da ƙaiƙayi sau da yawa ba ta jima'i ake kamuwa da su ba. Kalma ɗaya daga bakinsa na iya kashe aure. Wani kuma cutar ta jima'in ce, ya yi wa mace ɗaya magani ya sallame ta, ya manta da miji da kishiyoyi, bayan wata guda ta dawo. A kuma daina koyar da ciprofloxacin a matsayin maganin gonoriya, wato ciwon sanyin da ake ɗauka ta jima'i, ƙwayar cutar ta daɗe da bijire masa, allurar ceftriaxone ake yi yanzu. Ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa su tuna wa ɗalibi tunjere, kuma kowace mai ciki a gwada ta, don allurar benzathine penicillin na kare jariri.

Ta fuskar huhu, tarin da ya kai mako 2 gwajin majina yake buƙata don tarin fuka, wannan an sani. Abin da ake mantawa shi ne wanda gwajinsa ya fito babu cutar, ko ya gama shan magani amma numfashi bai dawo daidai ba. Littafi ya ɗora toshewar huhu a kan sigari, sai ɗalibi ya tambayi tsohuwa ko tana shan taba, ta ce a'a, ya rufe maganar, bai tambayi shekarun da ta yi tana girki da itace a ɗakin da ba taga ba.

Ga masu asma, tun 2019 ƙa'idar duniya ta daina ba da shawarar a bar babba a kan salbutamol kaɗai, wato maganin da ke buɗe hanyar iska nan take, sai da maganin shaƙa mai kwantar da kumburin hanyar iska. Amma ɗalibai da dama na kammala karatu ba su taɓa riƙe inhela ba, wato 'yar na'urar da ke fesa maganin asma a baki. A kawo ta aji, kowa ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya danna yana shaƙa a hankali, ya riƙe kamar daƙiƙa 10. Ga yaro, in babu bututun shaƙa na kanti, a nuna yadda ake huda gindin robar ruwa ta rabin lita a sa inhelar, ya shaƙa ta bakin robar.