Yadda nake kula da ciyawar filin golf daga bazara zuwa hunturu

Kullum bayan sallar asuba nake fara zagayen fili, da 'yar wuƙa a aljihu. Idan na isa girin, wato dandalin nan mai laushin ciyawa inda ramin ƙwallo yake, sai in durƙusa a gefe in yanko ɗan ɓangaren ƙasa, zurfin ɗan yatsa, in duba saiwa. Fara ce, ta nutsa ƙasa? To ciyawa tana lafiya, ko da samanta ya yi fari. Idan kuwa saiwar ta tsaya a sama, gajera, ta yi baƙi-baƙi, akwai matsala ko da fili ya yi kore shar. Sabon ma'aikaci da aka kawo mini, wannan nake fara koya masa kafin ya taɓa inji, domin duk aikin shekara a kan saiwar nan yake.

Golf ya daɗe a Arewa fiye da yadda mutane suke zato. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, na IBB da ke Abuja kuma an buɗe shi a 1991. Amma yawancin littattafan kula da ciyawa don ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda dusar ƙanƙara ce abin tsoro. Mu nan abin da ke gabanmu shi ne wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwan sama, sannan ruwa ya zo a dunƙule cikin wata huɗu. Ciyawar da ta dace da wannan ita ce kiri-kiri, wadda masu sayar da iri suke kira Bamuda. Tana yaɗo ta sama, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, tana jure rana da tattaki. Abin da ba ta so shi ne inuwa da kwanciyar ruwa.

Bari in fara da bazara, daga Maris zuwa Mayu, don a nan ake rasa girin. Zafi yana kai digiri 40, kuma ciyawa tana iya shan kusan milimita 7 na ruwa a rana. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Girin mai faɗin murabba'in mita 500 ke nan yana son lita 3,500 kullum, girin 18 kuma lita 63,000, ba a ma zo kan wurin bugun farko ba. Duk mai rijiyar burtsatse da janareto ya san abin da wannan yake nufi a kuɗin dizal. Shi ya sa a bazara nake raba fili gida uku. Girin shi ne ɗan gata, ba a hana shi ruwa. Wurin bugun farko yana samu kwana biyu ko uku a mako. Doguwar hanyar da ke tsakanin su, da ciyawar gefe, sai su yi haƙuri. Kiri-kiri za ta bushe ta kwanta, amma ba ta mutu ba, ruwan farko zai tashe ta.

Ban-ruwa da asuba ake yi, kafin iska ta tashi. A ba da shi sosai ya ratsa ƙasa, kada a yi yayyafi sau uku a rana, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. Idan kana son sanin ko ruwan yana sauka daidai, jera gwangwanayen madara a kan girin, ka kunna ban-ruwa na minti goma sha biyar, ka auna abin da kowanne ya tara. Za ka yi mamakin yadda wani gefe yake samun ninkin wani. Wurin da bai samu ba sai a bi shi da tiyo a hannu. Akwai kuma wuraren da ƙasa take ƙin shan ruwa sam, ka zuba ya gangare kamar a bayan agwagwa. Irin waɗannan ina sossoke su da ƙarfe mai yatsu tukuna in jiƙa a hankali.

Wata shekara, ana saura kwana goma gasa, aka matsa mini lamba cewa baƙi za su zo kuma fili ya yi fari. Na watsa yuriya a girin biyu da hantsi a watan Afrilu, janareto kuma ya ƙi tashi a ranar. Kafin la'asar ciyawar ta ƙone layi-layi, daidai inda hannu ya bi, kuma sai da damina ta kankama kafin ta rufe. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na san bai kamata ba. Tun daga nan ba na sa taki sai tanki yana cike, kuma sai da yamma ko da sassafe, a bi shi da ruwa nan take.

Da ruwa ya sauka sau biyu ko uku a Yuni, ƙasa ta yi taushi, lokacin babban aiki ya yi. Wata bakwai ana taka girin, ƙasa ta danƙare, iska ba ta shiga. Sai a huda ta. Masu inji suna ciro 'yan dunƙulen ƙasa, zurfin santimita 7 zuwa 10. Inda babu inji, mutum shida da ƙarfe mai yatsu suna gama girin ɗaya a yini. A kwashe abin da aka ciro, a watsa yashin rafi da aka tankaɗe da rariya, a share shi da tsintsiya har ya cika ramukan. Ina jaddada yashin: ya zama mai tsabta, babu laka, babu tsakuwa. Yashi mai laka yana toshe ƙasa ne maimakon ya buɗe ta, tsakuwa ɗaya kuma tana iya lalata wuƙar injin yanka. 'Yan wasa za su yi ƙorafi mako biyu cewa ƙwallo tana tsalle. A sanar da su tun da wuri, a liƙa takarda a ƙofa, amma kada a fasa. Dalilin yin sa a farkon damina shi ne ciyawa tana cikin ƙarfinta, za ta rufe ramukan da sauri. Wanda ya huda girin a Disamba zai yi ta kallon ramukansa har Fabrairu.

A wannan lokacin ne kuma nake sa takin kamfa, NPK 15-15-15, sannan in riƙa bi da yuriya kaɗan-kaɗan, kamar rabin kilo a murabba'in mita 100 duk bayan mako uku ko huɗu. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, tana da ƙarfi, gara a yi ƙasa-ƙasa da ita. Inda ciyawa ta mutu, a ciro yaɗon kiri-kiri daga wurin reno a dasa, a danne da ƙafa. Kowane fili ya kamata ya ware ɗan wurin renon nan a bayan shagon injuna.

Yanka a damina kusan kullum ne a girin. Da irin kiri-kirinmu ina tsayawa a milimita 5 zuwa 6, hanyar tsakiya 12 zuwa 15. Ƙa'idar da ba na karyawa: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Idan ruwa ya hana aiki kwana uku, a ɗaga wuƙa, a sauko da ita a hankali. A canza fuskar yanka kullum, yau gabas da yamma, gobe kudu da arewa, in ba haka ba ciyawa takan kwanta gefe ɗaya. Wuƙa kuma ta kasance mai kaifi. In ta yanke takarda tsaf, ta isa.

Agusta watan sa ido ne. Magudanai da kwalbatoci a yashe su tun Mayu, domin ruwan da ya kwana a girin gansakuka yake haifarwa. Aya-aya tana fitowa inda ƙasa ta jiƙe, kuma tuge ganyenta kaɗai aikin banza ne, sai an tono ƙwayar. Sai tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, ita ma tana son kiri-kiri. In ka ga tsuntsaye sun taru suna tsattsagar wuri ɗaya da safe, kaɗa ɗan sabulun wanke-wanke a bokitin ruwa ka zuba a wurin. In tana nan za ta fito fili cikin 'yan mintuna. Feshi da yamma ake yi, da takunkumi da safar hannu, a kuma bi abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Da kaka ta shigo, Oktoba, sai a rage naitirojin, a ɗan ƙara tsawon yanka, a sassabe reshen darbejiya da ya yi wa girin inuwa. A share hanyar kare gobara kewaye da shinge tun ciyawar daji ba ta gama bushewa ba, don masu farautar ɓera ba sa neman izini.

Hunturu shi ne lokacin da aka fi wasa, kuma lokacin da ciyawa ta fi kasala. Dare yana yin sanyi, kiri-kiri tana rage girma, launinta ya dusashe. Wannan ba cuta ba ce, kuma taki ba ya maganinta. Abin yi shi ne rage mata wahala: a riƙa sauya wurin rami sau biyu ko uku a mako don kada tattaki ya taru waje ɗaya. Faɗin ramin milimita 108 ne a dokar wasa, a yanke shi tsaf, a mayar da toshiyar tsohon daidai da fuskar ƙasa. A ba 'yan ɗaukar jaka buhun yashi su riƙa cike inda sanda ta ɓantare ciyawa. Iskar hunturu tana busar da ƙasa ko da babu zafi, saboda haka ban-ruwa ba ya tsayawa, raguwa kawai yake yi. Ita ma gara a nan take fitowa neman danshi, a bi ta har shurinta.

Filin da ba shi da isasshen ruwa, shawarata ya riƙe burawun, wato dandalin yashi da ake lailayewa kafin a buga, kamar yadda filayen Arewa da dama suka daɗe suna yi. Burawun mai kyau ya fi girin da ake shayarwa yau a bari gobe. Sai dai ba na goyon bayan cakuɗa yashin da baƙin man mota, domin ruwan sama yana wanke shi ya gangara da shi rafi.

A Janairu nake kwance injuna ɗaya bayan ɗaya, a wasa wuƙaƙe, a canza mai, a wanke matatar iska da ƙura ta toshe. A nan ne kuma nake auna zurfin ruwan rijiya in rubuta a littafi, in kwatanta da na bara, don in san girin nawa zan iya ɗauka idan Maris ya zo.