Yadda zaka yi amfani da kalkuletar wayarka kafin ka shiga musun siyasa ko ka saki kuɗinka

Duk wayar da ke aljihun mutum tana da kalkuleta, har 'yar rakani-kashi mai tocila, amma sai kaga an raba dare a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba a nan Legas ana ta jifan juna da biliyan kaza tiriliyan kaza kuma babu wanda ya danna ko lamba ɗaya. Abin da zan nuna maka rabawa ce da ninkawa irin na firamare, sai 'yan tambayoyi da zaka riƙa yiwa kowace lamba kafin ka yarda da ita.

Fara da wannan, duk lambar da ta fi ƙarfin kanka ka raba ta har ta dawo kan mutum ɗaya a rana ɗaya. Kasafin gwamnatin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, mu kuma 'yan Najeriya ana ƙiyasta mu wajen miliyan 230. Sifilin ba zai shiga wayar ba, to dabarar ita ce tiriliyan ɗaya miliyan sau miliyan ne, sai ka rubuta 54,990,000 ka raba da 230. Zai baka kusan naira 239,000 kowane mutum a shekara, ka sake rabawa da 365, wajen naira 655 kenan a rana, a ciki za'a yi titi, a biya soja, a yi asibiti, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu biyan bashi zai tafi tun kafin a taɓa komai. Kaga wanda yake cewa gwamnati zata iya ciyar da kowa kyauta lissafi bai goyi bayansa ba. Haka shima ɗan siyasar da zai hau mumbari yace ya ware naira biliyan ɗaya don talakawan Legas, raba da mutum miliyan 20, naira hamsin hamsin ce, tafin da zaka yi masa sai ka adana shi tukunna.

Kuri'a ma haka. A ce ranar zaɓe ɗan takara ya damƙa maka dubu biyar. Shekara huɗu kwana 1,461 ne, raba ka gani, naira uku da 'yan kwabbai a rana ka sayar masa da bakinka. Masu cewa ai kuri'ata ɗaya ba zata canza komai ba suna da 'yar gaskiya, amma duba zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a nan Legas, Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606, tazarar 9,848 kacal, alhali rumfunan zaɓen jihar sun haura 13,000. Wato tazarar bata kai mutum ɗaya a kowace rumfa ba, a jihar da sama da mutum miliyan bakwai suka yi rajista amma mafi yawansu suka yi zamansu a gida. Cin jiha ɗaya ba shine cin ƙasa ba, wannan daban, amma dai Hausawan kasuwar Alaba Rago kaɗai in suka fito sun isa a lissafa da su.

Na biyu kuma shine wanda nafi so mutane su riƙe, kada ka auna kuɗi da naira, auna shi da abin da yake saya. A 2019 mafi ƙarancin albashi ya zama 30,000, litar fetur lokacin 145, wato albashin yana sayen lita 206. A Yulin 2024 aka mayar dashi 70,000, Legas ma tace 85,000 zata biya, amma zuwa ƙarshen shekarar lita ta kai wajen dubu ɗaya. Lita 70 kenan, ko 85 in ma'aikacin jihar ne. Lambar ta ninka fiye da sau biyu, abin da take ɗaukowa kuma ya koma ƙasa da rabi. Yi wannan gwajin da mudun shinkafa ko kuɗin danfo daga Oshodi zuwa inda kake aiki, abin da kai kake saya kullum shine ma'auninka.

Nan ne ma ake yawan ruɗa mutane da batun hauhawar farashi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta NBS tace ya kai kashi 34.8, wata ɗaya bayan nan aka ji 24.48, wasu har suka fara murna. Abu biyu, na farko hukumar sabunta tsarin awon tayi a lokacin, saboda haka lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Na biyu ko da saukar ta gaske ce, ma'anarta kaya suna ci gaba da tashi amma a hankali, ba wai sun sauko ba.

Ɗan kasuwa kuma ga taka. A ce ka sari kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 kan dubu 20, ka kasa shi ka tashi da dubu 27, ka shiga gida kana jin ka ci dubu bakwai. Zauna ka cire kuɗin ɗan dako, kuɗin tikiti, leda, motar da ta kawo ka, da wanda ya ruɓe a ƙasan kwandon ka sayar wa masu abinci a rabin kuɗi. Sannan tambayar da ta fi duka, gobe nawa zaka sake saro irinsa? In ya koma dubu 26 to wallahi uwar kuɗin kake ci kana kiranta riba, shi yasa zaka ga mutum ciniki ba ya yankewa amma rumfar kullum ƙara ramewa take. In kwastoma yace Alhaji ai tsohon kaya ne ka bani a tsohon farashi, amsar kenan, da sabon farashi zaka mayar da gurbinsa. Kuma ka saka ladan kanka a lissafi, in da yaro ka ɗauka ya tsaya a rana tun asuba ai sai ka biya shi.

Sai tambayar wa zai biya kuma wa zai amfana. Tallafin fetur da aka cire ranar 29 ga Mayu 2023 a kan lita ake bayar dashi, don haka mai motoci uku da janareta ya fi mai tafiya a ƙasa kwasa, wannan gaskiya ne. Amma cirewar ta faɗa kan mai keke Napep da fasinjan danfo da mai aski, wannan ma gaskiya ne, kuma ba dole sai ka zaɓi ɗaya ka ƙaryata ɗaya ba. Sai dai ka lura, tirelar da ke ɗauko albasa daga Arewa gas take sha, wato dizal, shi kuma an daɗe da sakin farashinsa, to in ance maka kuɗin tirela ya tashi saboda tallafi ka tambaya a hankali, wataƙila faɗuwar naira ce bayan Yunin 2023 da tsadar taya da kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya.

Mai zuwa maka da harkar zuba kuɗi, ninka alƙawarinsa zuwa shekara. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, kashi 30 a wata ta yi alƙawari kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Danna 100,000 sau 1.3 har sau goma sha biyu, zaka ga sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku. Wace sana'a ce a Legas, daga shanun mayankar Oko-Oba har canjin dala, take ninka jari sau 23 a shekara? Mai irin wannan sana'ar ba zai biyo ka WhatsApp yana neman dubu hamsin ɗinka ba.

Ɗakin haya ma haka zaka yi masa, a ce na Agbado ya fi na kusa da wurin aikinka sauƙi da dubu 200 a shekara, amma kullum zaka ƙara kashe 1,500 a mota. Kwana 26 a wata sau 12 sau 1,500, naira 468,000 kenan, banda awannin da goslo zai cinye maka safe da yamma.