Abin da Ya Kamata Ka Yi Idan Ka Tsinci Dutsen da Kake Zaton Lu'ulu'u Ne

Da farko ka kame hannunka daga guduma. Mutane da yawa sun ɗauka lu'ulu'u ba ya fashewa, alhali taurinsa na hana karcewa ne kawai, kuma bugu ɗaya zai iya tsaga shi, darajarsa ta zube. Ka wanke shi da ruwa, ka naɗe shi shi kaɗai a ƙyalle, sannan ka rubuta rana da wurin da ka same shi, ka ɗauki hotonsa, ka auna nauyinsa.

Kada ka dogara da gwajin karce gilashi, domin duwatsu marasa daraja da yawa suna karce shi. Kada kuma rashin ƙyalli ya sa ka yar, saboda ɗanyen lu'ulu'u yakan fito dusu-dusu kamar an shafa masa mai. A wajen shekarar 1867 wani yaro mai suna Erasmus Jacobs ya tsinci wata tsakuwa kusa da Hopetown, a gaɓar kogin Orange da ke Afirka ta Kudu, yara suna ta wasa da ita har wani maƙwabci, Schalk van Niekerk, ya lura. Sai da aka aika wa Dakta William Atherstone a Grahamstown aka tabbatar lu'ulu'u ne mai nauyin karat 21.25 (karat shi ne ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja), gwamnan yankin Cape, Sir Philip Wodehouse, ya saye shi fam 500. Shi ne ake kira Eureka, wanda kamfanin haƙar lu'ulu'u na De Beers ya saya a 1967 ya ba al'ummar ƙasar, yana kuma ajiye a birnin Kimberley na ƙasar.

Saboda haka ka nemi masanin duwatsu wanda ba shi ne mai saye ba, domin a ganina nan ne mafi yawan masu tsintuwa suke cutuwa. Ka karɓi sakamakon binciken a rubuce, kada kuma dutsen ya bar hannunka ba tare da rasit ba.

Kafin maganar ciniki, ka bincika dokar ƙasar da kake, domin a ƙasashe da dama ma'adinai mallakar gwamnati ne, riƙe ɗanyen lu'ulu'u ba lasisi kuma laifi ne. Tun 2003 ƙasashen da ke cikin Tsarin Kimberley, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin ɗanyen lu'ulu'u, ba sa barin a fitar da shi waje sai da takardar shaida.

Yanka kuwa aikin ƙwararru ne, kuma yana cin nauyi sosai. Eureka ya koma karat 10.73 bayan an yanka shi, don haka ka sa a yi maka ƙiyasin abin da zai rage kafin ka amince da kowane farashi.