Idan fayil ya ƙi isa ofis daga gida

Wata Alhamis bayan sallar isha'i, abokiyar aikinmu ta sashen kuɗi ta kira ni, muryarta duk a gajiye. Sau huɗu ta tura rahoton ƙarshen wata daga kwamfutarta ta gida, oga na cewa bai ga komai ba, ga data na neman ƙarewa. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu, irin wannan kira ba baƙo ba ne a wurina. Abin da na fara ce mata shi ne, "Hajiya, dakata da turawar tukuna."

Kai ma shi zan fara gaya maka. Saƙon da ya ƙi tafiya da farko, dalilin da ya hana shi yana nan. In manhajar imel ta Outlook kake amfani da ita, kowane sabon turawa layi yake shiga a akwatin Outbox, inda saƙonni ke jira kafin su fita, babban saƙo ɗaya kuma ya isa ya tare ƙananan da ke bayansa. Leƙa can. In ka tarar da shi zaune, to ko gidanka bai bari ba, babu ruwan sabar ofis, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗin ofis, tukuna. Intanet ɗin gida ya fi ƙarfin saukewa a kan ɗorawa, shi ya sa bidiyo ke tafiya sumul alhali fayil ya cije. Goge saƙon da ya maƙale; in ya ƙi goguwa, shiga Send/Receive, danna Work Offline, goge shi, sannan ka sake danna Work Offline don Outlook ya koma kan intanet.

Daga nan sai gwaji mai sauƙi. Rubuta kalma biyu a takardar Word, ka liƙa ta, ka tura wa adireshinka na ofis. In ta isa, hanya lafiya take, laifin na fayil ɗin ne. In ba ta isa ba, buɗe imel ɗin ofis ta burauza ka sake gwadawa. Ya tafi ta burauza amma ya ƙi ta Outlook? Manhajar da ke kwamfutarka ce da matsala, sau da yawa tsohuwar kalmar sirri ce take riƙe da ita bayan an canza a ofis.

Amma mafi yawan abin da nake tararwa girma ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Gmail yana barin ka tura fayil har MB 25. Sabar imel ta Exchange da ake girkawa a cikin ofis, in ba a taɓa saitinta ba, MB 10 ce iyakarta. Wato Gmail ɗinka zai karɓi fayil, ya nuna maka an tura, can ƙofar ofis kuma a mayar da shi. Akwai kuma wani abin da ba a cika sani ba. Imel asalinsa rubutu kawai yake ɗauka, don haka kafin fayil ya kama hanya sai an juya shi zuwa haruffa ta tsarin da ake kira Base64, wanda ke ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Fayil ɗin Hajiya MB 8.6 ne, rasitai ne ta ɗauka da waya ta haɗa su a PDF. Ta duba ta ga bai kai 10 ba, hankalinta kwance. A kan hanya ya haura MB 11.

Sabar ma ta faɗa mata. Saƙonni huɗu ne suka dawo da Turanci mai yawa da lambobi, ta ɗauka shara ce ta goge. Don Allah kada ka riƙa goge irin wannan saƙo, shi ne shaidar da ta fi kowace amfani. Nemi lambar da ke ciki: 552 ko 5.3.4 na nufin saƙon ya yi girma, 5.7.1 na nufin wata doka ce ta sabar ta hana shi, 5.1.1 kuma adireshin ne babu shi, wataƙila harafi ɗaya ka kuskure.

Maganin girma, a rage shi daga tushe. Rasiti ba ya buƙatar launi, kuma sikanin a 150 dpi (ma'aunin kaifin hoto) ya isa a karanta shi tsaf. Matse fayil da zip ba ya rage hotuna da PDF sosai, don dama a matse suke. In ba yadda za a yi, raba shi gida biyu, ko ka sa shi a ma'ajiyar da ofis ya amince da ita, kamar OneDrive na aiki, ka tura mahaɗin kawai. Ni dai ba na son ganin takardar albashin mutane tana yawo a imel ɗin kashin kai, ko da hakan ya fi sauri.

Wani lokacin kuma saƙo bai dawo ba, bai kuma isa ba. Galibi matattarar tsaro ce ta killace shi. Fayiloli irin su .exe, .js da .bat, Gmail ba ya barinsu ko an ɓoye su a zip, sabar ofis da yawa kuma suna riƙe zip mai kalmar sirri don ba sa iya leƙa cikinsa. Kada ka canza wa fayil wutsiya, wato haruffan ƙarshen sunansa irin su .exe, don ka yaudari matattarar. Kira wanda ke kula da sabar, shi kaɗai ke iya sako shi, ka ba shi lokacin da ka tura, adireshin da ka tura daga shi, wanda ka tura wa, da girman fayil ɗin. Da waɗannan huɗun cikin minti kaɗan zai gano inda ya tsaya. "Imel ɗina ba ya yi" kuwa sai a kwana ana lalube.

In daga ofis aka turo maka, ka buɗe a gida ka ga wani abu wai winmail.dat a maimakon takardar, ba cuta ba ce. Outlook ɗin mai turowa yana kan Rich Text, salon da sauran manhajojin imel ba su cika ganewa ba. Gyaran na wurinsa: File, Options, Mail, ya mayar da shi HTML, ya sake turowa.

Ga ƙaramin abu da ya shafe mu musamman. Sunan fayil mai ƙ ko ɗ ko ɓ, wasu tsofaffin manhajoji kan dagula shi ya koma alamomin banza, har wutsiyarsa ta ɓace, kwamfuta ta rasa da me za ta buɗe shi. A cikin takarda rubuta Hausarka da ƙugiyoyinta cif, amma sunan fayil bar shi gajere da haruffa zalla, kamar rahoto-yuli.pdf.

A daren nan Hajiya ta sake ɗaukar hoton rasitan ba launi, PDF ɗin ya sauko ƙasa da MB 3. Washegari na sa aka rubuta iyakar sabarmu a takarda aka manna kusa da firinta, da lambar da ya kamata mutum ya duba kafin ya liƙa fayil: MB 7.